Karta, Ludo da Dara a Tsakar Gida: Tambayoyi da Amsoshi

Daga Birnin Kebbi zuwa Argungu, Jega, Yawuri da Zuru, da wuya a shiga gida mai yara lokacin hutun makaranta ba a tarar da kwalin karta ko allon ludo a kan tabarma ba. Wani gidan wasan ya zama abin hira bayan isha'i, wani gidan kuma kullum da kuka yake ƙarewa. Ga tambayoyin da iyaye, yayye da malaman firamare suka fi yi a kan waɗannan wasanni.

Kafin komai, wannan ba caca ba ce?

Caca ita ce a ajiye wani abu a tsakani, wanda ya ci ya kwashe, wanda aka ci ya tashi da asara. Haramcinta a fili yake a Suratul Ma'ida, aya ta 90 da ta 91, inda aka haɗa ta da giya, aka kuma faɗi illarta: tana jefa gaba da ƙiyayya tsakanin mutane, tana shagaltar da su daga ambaton Allah da salla. Tun da Zamfara ta fara aiki da shari'ar Musulunci a Janairun 2000, Kebbi kuma ta bi sahu, caca laifi ce har a dokar jiha. Ƙanƙantar abin da aka sa ba ta canza sunanta. Naira 10, alewa, ƙulli-ƙuli, katin waya, duk ɗaya ne. A nan ne iyaye suka fi sakaci, domin suna ganin gyaɗa ce kawai, alhali yaron da ya saba wasa ba ya masa daɗi sai an sa wani abu ya riga ya ɗauki hanyar.

Akwai magana ta biyu wadda ba daidai ba ne a ɓoye ta. Hadisai sun zo a Muwaɗɗa Malik da Sahihu Muslim suna hana wasan nardu, wani wasan mutanen Farisa da ake yi da dayis. Saboda haka mafi yawan malaman da suka gabata sun hana wasan dayis ko da babu kuɗi a ciki. Wasu malaman wannan zamani sun sassauta a kan wasannin yara, da sharaɗin babu caca, babu rantse-rantse da zagi, ba a kuma tauye salla ko karatu. Karta ma an yi saɓani a kanta. Wannan hukunci ne da maigida zai kai wa malamin da ya amince da shi. Gidan da ya zaɓi barin dayis gaba ɗaya bai rasa abin yi ba: akwai dara, akwai carafke, akwai wasan tuna wuri, kuma dukkansu basira suke nema, ba sa'a ba.

Kati nawa ne a kwalin kartar da ake kira Whot, kuma yaya zan san wani bai ɓace ba?

54 ne. Wani Bature ɗan Ingila, William Henry Storey, shi ya ƙirƙiro wasan a 1935, kamfanin Waddingtons kuma ya yaɗa shi, amma a Najeriya ya sami gindin zama. Siffofinsa biyar: da'ira, mai kusurwa uku, gicciye, murabba'i da tauraro. A bakin masu wasa za ka ji bol, angul, kuros, kafet da sita.

Rabon ba daidai yake ba, kuma sanin haka rabin iya wasan ne. Da'ira 12 ce: 1, 2, 3, 4, 5, 7, 8, 10, 11, 12, 13, 14. Mai kusurwa uku ma 12, da lambobi iri ɗaya. Gicciye 9 ne: 1, 2, 3, 5, 7, 10, 11, 13, 14, murabba'i ma haka. Tauraro 7 kacal: 1, 2, 3, 4, 5, 7, 8. Sai katin Whot guda 5 masu lamba 20. Babu 6, babu 9 a cikin kwalin, don haka kada a zargi yaro da ɓatar da su. In ana son dubawa, a ware kowace siffa gefe a ƙirga: 12, 12, 9, 9, 7, 5.

Yaya ake buga shi?

Mutum 2 zuwa 6 ya fi daɗi. A cakuɗa, a raba wa kowa 5, ko 4 in mutane sun kai shida. A buɗe kati ɗaya a tsakiya, sauran a kife su gefe, su ne kasuwa. Mutum huɗu da kati biyar-biyar za su bar 33 a kasuwa. Wanda juyi ya zo kansa zai sa katin da ya dace da na sama, ko a siffa ko a lamba. In ba shi da shi, ya ɗauki ɗaya a kasuwa, juyi ya wuce. Wanda ya fara ƙarar da na hannunsa shi ya ci.

Katunan da ke da aiki su ne gishirin wasan. Wanda ya sa 1, kowa ya dakata, ya sake sawa. Wanda ya sa 2, na gaba ya ɗauki biyu. 5, na gaba ya ɗauki uku. 8, a tsallake na gaba. 14, kowa ya je kasuwa ya ɗauki ɗaya ban da mai sawa. 20 kuwa tana hawa kan kowane kati, mai ita kuma ya faɗi siffar da yake so a biyo da ita. In mutum biyu ne kawai ke wasa, 1 da 8 aiki ɗaya suke yi. Idan ya rage wa mutum kati ɗaya, dole ya sanar. Da yawa suna cewa las kad, amma "saura ɗaya" ta wadatar.

Me ya sa kullum sai an yi rigima a tsakiyar wasa?

Domin kowane gida da kowace majalisa da tata doka, kuma ba a gano bambancin sai lokacin da ya shafi wani. Ɗan Jega ya zo hutu gidan kawunsa a Birnin Kebbi, an sa masa 2, ya kare da tasa 2, aka ce nan ba a karewa. Daga nan sai musu. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu, ba a dai yi magana tun farko ba.

Kafin a raba kati ko ɗaya, a yanke waɗannan: Ana kare 2 da 2, har na gaba ya ɗauki huɗu, ko ba a karewa? 5 tana aiki ko kati ce kamar kowace? Mutum zai iya rufe wasa da 20, ko da 1, 8 da 14? Wanda ya manta bai sanar da saura ɗaya ba, nawa zai ɗauka? In katin farko da aka buɗe mai aiki ne, zai hau kan mai farawa ko a canza shi? Sai babbar cikinsu: in kasuwa ta ƙare, za a sake cakuɗa na ƙasa a ci gaba, ko kowa ya ƙirga abin da ke hannunsa? In ƙirge ne, tauraro ninki biyu yake, wato tauraro 8 maki 16 ne, Whot kuma 20, mai mafi ƙarancin maki shi ya ci.

Shawararmu a rubuta amsoshin a takarda a saka cikin kwalin. Baƙo ya bi dokar gida, in an je nasa gidan a bi tasa. Kuma ba a canza doka da kati a hannu, sai an gama zagaye, ko da Baba ne ya ga ya dace a canza.

Akwai dabara a Whot, ko sa'a ce zalla?

Rabon kati sa'a ne, abin da za ka yi da su kuma naka ne. Katin da za ka bari na ƙarshe ya zama da'ira ko mai kusurwa uku, domin su suka fi yawa, sun fi saurin bayyana a sama. Tauraro a rabu da shi da wuri: guda 7 ne kawai, ga ninki in an zo ƙirge. 12 biyu ce rak a duk kwalin, 4 da 8 uku-uku ne, don haka ba a dogara da su wajen sauya siffa. 1, 2, 3, 5 da 7 suna cikin kowace siffa, su ne gadar da ake tsallakawa.

Idan ka sa 20, kada ka kira siffar da ta fi yawa a hannunka kawai. Tuna wace siffa ce ta kai na gabanka kasuwa a zagayen da ya wuce. In ya sanar da saura ɗaya, ita za ka kira, ko tauraro. Yaro ɗan shekara 8 zai iya koyon wannan, kuma ranar da ya fara lura da abin da wasu ba su da shi, ba abin da yake da shi kaɗai ba, ya fara tunani irin na manya.

Yaya ake cakuɗa kati sosai?

Cakuɗar da aka saba, ta zaro wasu daga ƙasa a ɗora sama, ba ta raba katunan da suka manne wa juna a zagayen baya, shi ya sa za ka ga mutum ɗaya ya sami 20 har uku. Masana lissafi biyu, Bayer da Diaconis, sun nuna a 1992 cewa kati 52 na buƙatar kusan sau 7 na irin cakuɗar da ake raba su gida biyu a saƙa su cikin juna. Wanda bai iya wannan ba, ya baza su a kife kan tabarma ya yamutsa da hannu biyu na minti ɗaya. Wanda ya cakuɗa kuma ba shi zai yanka ba.

Dokar ludo fa? Kowa da tasa nake gani.

Asalin ludo, ko lido kamar yadda wasu ke faɗa, wasan Indiya ne mai suna pacisi, wanda ake jefa wuri a cikinsa maimakon dayis. A Ingila aka yi masa rajista da sunan ludo a 1896. Hanyar da ke kewaye allon gida 52 ce, kowane launi yana da 'ya'ya 4, kuma daga gidan fita zuwa tsakiya taku 56 ne. Ɗa ba ya fita sai da 6.

A Najeriya an fi yi da dayis biyu a cikin ɗan kofi. Kowane dayis za a iya ba wa ɗa dabam, ko a haɗa su a ba ɗa guda. Shida biyu na ba da damar sake jefawa. In mutum biyu ne, kowa ya riƙe launi biyu. Babban bambancin yana wajen ci: a dokar da aka fi bi a nan, ɗan da aka ci ya koma gida, wanda ya ci kuma a cire shi daga allo a matsayin ya isa. A dokar da ke cikin akasarin ludon waya, wanda ya ci yana nan yana ci gaba da tafiya. Dokar farko ta fi sauri, ta kuma mai da wasan farauta. A nan ma a yanke tun farko: dayis ɗaya ko biyu, 'ya'ya biyu a gida ɗaya suna tare hanya ko a'a, dayis ɗin da ya faɗo ƙasa ana ƙirga shi ko a sake, kuma wanda ya ga ci bai ci ba me za a yi masa.

Yarona ya jefa sau goma bai sami shida ba. Dayis ɗin ne ba shi da kyau?

Mai yiwuwa lafiyarsa ƙalau. Da dayis ɗaya, kusan mutum 1 cikin 3 zai jefa sau 6 bai ga shida ba, kuma kusan 1 cikin 6 zai kai jifa 10 bai gan ta ba. Da dayis biyu, damar ganin shida ko da ɗaya 11 ce cikin 36 a kowace jifa. Dayis ba ya tuna abin da ya wuce, ba ya kuma bin kowa bashi. Hura masa iska ko girgiza kofi da ƙarfi ba ya ƙara komai.

In ana zargi da gaske, a jefa shi sau 120 ana rubutawa. Kowace fuska za ta fito kusan sau 20, kuma tsakanin 12 da 28 ba abin damuwa ba ne. In wata ta haura 30 ko ta kasa 10, a duba gefunan ko ɗaya ya cinye ko ya ɓantare, a canza shi. Don kada ƙaramin yaro ya gaji da jira, a fara wasan kowa da ɗa ɗaya a waje.

Ina ya fi hatsari in tsaya a gaban abokin wasa?

Wannan lissafi ne mai daɗi, kuma kaɗan ne suka san shi. Dayis biyu suna faɗuwa ta hanya 36. In kana taku 1 a gaban ɗan wani, hanyoyi 11 ne za su ba shi kai. Taku 2, hanyoyi 12. Haka yake hawa har taku 6, inda ya kai 16, domin ko shida ta fito, ko biyun su haɗu su ba da shida. Daga taku 7 sai ya faɗo zuwa 6, taku 8 biyar, taku 9 huɗu, har taku 12 da ke da hanya ɗaya tak. Wato in dole ka tsaya kusa, ka manne masa. In da hali, ka wuce taku shida. Mafi muni shi ne ka tsaya taku biyar ko shida kana ganin ka yi nisa.

Wane wasa ya dace da 'yan shekara 4 zuwa 6?

Whot cikakke ya yi musu yawa. A fara da wasan tuna wuri: a ware da'ira 12 da masu kusurwa uku 12, tunda lambobinsu ɗaya, an sami tagwaye 12 ke nan. A kife su layi 4, kowane layi 6. Yaro ya buɗe biyu, in lambarsu ɗaya ya ɗauka ya sake, in ba ɗaya ba ya mayar da su inda suke. Ga 'yan shekara 4, tagwaye 6 sun isa. Manya su shiga da gaske, domin a wannan wasan yara kan kayar da su ba tare da an sassauta musu ba.

Daga nan sai Whot maras aiki: a cire 20, a ɗauki 1, 2, 5, 8 da 14 a matsayin kati kawai, a buga da katin kowa a buɗe. Bayan kwana biyu a shigo da 2, sannan 14, a hankali har su cika. Hannun yaro ba ya riƙe kati biyar, don haka ya jera su a bayan matashi ko littafi. Maciji da tsani, mai gida 100, shi ma daga Indiya ya fito. Babu zaɓi a cikinsa ko kaɗan, amma yana koya ƙirge da jiran juyi.

Akwai wasan dayis da ba ya buƙatar allo?

Akwai wanda za a iya kira wasan kwaɗayi. Dayis ɗaya, takarda da biro. Mai juyi ya yi ta jefawa yana tara abin da ya fito, kuma yana da ikon cewa "na tsaya" a rubuta masa. Amma in 1 ta fito kafin ya tsaya, duk abin da ya tara a wannan juyin ya zube. Wanda ya fara kai 100 ya ci.

Wurin tsayawa shi ne kusan 20. Dalili: a jifa 6, biyar za su ƙara maka matsakaicin 4, jimla 20, ɗaya kuma za ta kwashe abin da ka tara. In abin da ka tara 20 ne, riba da asara sun yi kunnen doki. Ƙasa da haka ka ci gaba, sama da haka ka tsaya, sai fa in abokin wasa ya kusa 100. Yara 'yan aji uku zuwa sama suna koyon tarawa da ka a nan, kuma suna ganin yadda kwaɗayi ke zama mabuɗin wahala ba tare da an yi musu wa'azi ba.

Dayis ya ɓace, me za mu yi?

A sami fensir mai gefe shida, a rubuta 1 zuwa 6 a gefunansa, a riƙa mirgina shi. Ko a rubuta lambobin a 'yan takardu shida masu girma ɗaya a zuba cikin hula, a riƙa zara ana mayarwa. Wanda zai sassaƙa na itace ya tabbata gefunan sun yi daidai, kuma fuskoki masu kallon juna su ba da 7: 1 da 6, 2 da 5, 3 da 4. 'Ya'yan ludo kuwa maɓallin riga ko murfin kwalba na maye gurbinsu.

Akwai wani hatsari ga ƙananan yara?

Akwai, kuma ba ƙarami ba ne. Dayis da 'ya'yan ludo daidai maƙogwaron yaron da bai kai shekara 3 ba suke, kuma mai rarrafe duk abin da ya tsinta baki yake kai shi. Duk abin da faɗinsa bai kai santimita 3 ba kada a bar shi inda zai kai hannu. A ƙirga 'ya'ya 16 da dayis kafin wasa da bayansa.

In yaro ya shaƙe amma yana tari da ƙarfi, a bar shi ya yi tarin. In ba ya iya tari ko kuka, a sunkuyar da shi a buga tsakanin kafaɗunsa da gindin tafin hannu sau 5, sannan a tsaya a bayansa a matsa saman cibiya ciki da sama sau 5, a yi ta maimaitawa ana neman hanyar asibiti. Jariri ɗan ƙasa da shekara ɗaya ba a matsa masa ciki: a kifa shi kan hannu kansa na ƙasa, a buga bayan sau 5, a juyo shi a danna tsakiyar ƙirji da yatsu biyu sau 5. Kada a zura yatsa ana lalube a maƙogwaro, yana ƙara tura abin ciki. In hanci ko kunne ya cusa, ban da tsinke, ban da ashana, sai asibiti. Allon ludo mai gilashi kuma ba na ɗakin yara ba ne, a saya musu na kwali.

Ƙanwarsu tana kuka duk lokacin da aka ci ta, yayansu kuma yana maguɗi.

Kukan 'yar shekara 5 ba rashin tarbiyya ba ne, ba ta saba ba ne. Kada a riƙa bar mata ci a ɓoye, za ta gane, kuma ba za ta koyi komai ba. A yi mata rangwame a fili: ita kati 3, manya 6. Ko a haɗa ta da Inna ko Gwaggo su zama ɓangare ɗaya, in an ci su an ci su tare. A gajarta zagaye, domin wanda aka ci a minti biyar yana da ran ramawa, wanda aka ci bayan awa ɗaya kuwa sai haushi. A kuma hana hukuncin rankwashi, jan kunne da waƙar tsokana ga wanda ya zo na ƙarshe. Su ke sa yaro ya ji faɗuwa abin kunya ce, daga nan kuma maguɗi ke farawa.

Wanda aka kama ya zauna kan kati ko ya ƙara wa ɗansa taku, a soke masa zagayen cikin natsuwa, ba tare da an kira shi ɓarawo a gaban ƙannensa ba. Gyaran tsari ya fi faɗa amfani: kati a sama da gwiwa, dayis a cikin kofi, taku kuma a ƙirga da murya.

Girman uba ba zai zube ba in ya zauna wasa da 'ya'yansa?

A gidajenmu akwai kunya tsakanin uwa da ɗan fari, tsakanin suruki da suruka, kuma ba a buƙatar karya ta saboda karta. Al'ada ta riga ta tanadi abokan wasa: kaka da jika, da taubasai. Kaka ce ta fi kowa dacewa da zaman Whot, domin siffofin manya ne, ba sa wahalar da ido, jika kuma yana iya ce mata "Kaka, je ki kasuwa" a yi dariya. Uba kuwa ko bai riƙe kati ba zai iya zama mai riƙe takardar maki da raba gardama. Abin da ke zubar da girma shi ne yara su ga babba yana murɗe doka don kada a ci shi, ko an kira salla ya ce bari a ƙarasa. In ladan ya kira, a kife kati yadda suke, a ɗora dutse, za a tarar da su.

Dara fa, yaya ake yin ta?

Sunan dara ya haɗa wasanni biyu. Akwai mai gurbi 12 da ake zuba 'ya'ya ana zagayawa, akwai kuma ta jeri uku, wadda mutanen ƙasar Zuru, Lelna da Hausawa ke kira Dakarkari, suka yi suna da ita, Zabarmawa kuma ke kira dili. Ta biyun ba ta buƙatar sayen komai. A tona gurbi 30 a ƙasa, layi 5, kowane layi 6. Mutum biyu, kowa da 'ya'ya 12, ɗaya tsinke, ɗaya tsakuwa ko ƙwallon dabino.

Da farko ana zubawa ɗaya bayan ɗaya, kuma a wannan mataki ba a yarda kowa ya jera uku ba. In an gama, gurbi 6 ne za su rage. Sai a fara matsawa: gurbi ɗaya gaba, baya ko gefe, ban da karkace. Wanda ya jera uku ya cire ɗa ɗaya na abokinsa. Jeri huɗu ba ci ba ne. Wanda 'ya'yansa suka kasa uku an gama da shi. Kuskuren sabon shiga shi ne zubawa barkatai, alhali a wurin zubin ake cin wasan. Gwani yana neman tsarin da ɗa guda zai riƙa kai da komowa tsakanin layi biyu, kowane motsi ci.

Yaya za a adana kati ya daɗe?

Maiƙo da laima ne ke kashe shi. A wanke hannu bayan tuwo ko ƙosai. Da damina kati na kumbura ya manne, sai a zuba shi cikin leda da ɗan hoda kaɗan a girgiza, a kakkaɓe. Kada a bar shi a rana ko cikin mota a zafin Maris da Afrilu, lanƙwashewa yake. Roba in ta matse tana cin gefuna, gwangwani mai murfi ya fi. Da hunturu in a waje ake yi, a danne kasuwa da dutse. Kati ɗaya in ya sami alama a baya, musamman 20, kwalin ya tashi daga aiki, domin kowa zai gane shi daga nesa. A mayar da shi na wasan tuna wuri, a cire mai alamar.

Na waya da na hannu, wanne ya fi?

Ludo King, wanda ya fito daga Indiya a 2016, da ire-irensa na Whot suna da amfani ga 'yan'uwan da ke nesa da juna. Amma waya ce ke ƙirga taku, ita ke hana kuskure, don haka yaro ba ya koyon ƙirgen, ba ya kuma koyon riƙe gaskiya da kansa. Abin da ya fi damun mu shi ne tallace-tallacen da ke faɗowa a tsakiyar wasa, da manhajojin da ake zuba kuɗi a buga da baƙi. Wannan caca ce tsagwaronta, ko da allon ludo ne a fuskar. Iyaye su lura in yaro ya fara ɓoye fuskar waya, yana yawan neman kuɗin data, ko yana tambayar lambar asusun banki ta wani a gida. A duba wayar tare da shi, a goge duk manhajar da ke neman a saka kuɗi ko ke alkawarin za a ci kuɗi, a kuma cire katin banki daga cikinta.